Ku Tambaya Mu Amsa: Ƙasusuwan Shahidan Kirista, Daga Ina Abun Ya Samo Asali?

Jama'a barkanmu da warhaka. Tunda muka taɓo maganar irin azabar da Kiristocin farko suka sha a hannun Rumawa saƙonni suke ta shigowa, kuma abun da ya bani mamaki shine masu tambaya basu tsaya kan sarakuna da yaƙe-yaƙe ba, da yawa kan ƙasusuwa suka tsaya. Na zaɓo guda biyar, na ɗan rage tsayin wasu saboda fili, sunaye kuma na cire kaman yanda muka saba.

TAMBAYA TA 1

Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne, na ga wani bidiyo a Facebook na wani coci a Italiya, an sa ƙwarangwal cikin akwatin gilashi harda tufafi, mutane sun yi layi suna taɓawa suna sumbata. Dan Allah meye asalin wannan abu? Haka addinin ya zo dashi ko daga baya aka shigo dashi?

AMSA

Barka kadai ɗan'uwa. Abun da ka gani ana yinsa a cocin Katolika da na Otodoks, da Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha da Armeniya, amma mafi yawan ɗarikun Furotesta basa yi, wasunsu ko maganar ma basa son ji. In kana so ka gane asalinsa to ka ajiye akwatin gilashin nan da zinarensa gefe guda tukunna, waɗannan duk daga baya suka zo. A filin kisa abun ya faro, zamanin da ɗaukar gawar ɗan'uwanka ma kasada ce.

A Girkanci wanda aka kashe saboda imaninsa ana ce masa martus, ma'ana mai bada shaida, kaman dai yanda kalmar shahidi take da dangantaka da shaida. Shahidin farko a wurinsu shine Istifanus wanda aka jefe da duwatsu a Kudus, kuma abun da littafin Ayyukan Manzanni ya faɗa kawai shine wasu masu tsoron Allah sun binne shi sun yi masa kuka sosai. Binnewa da kuka, shikenan, babu maganar ajiye ƙashi. Ka riƙe sunansa zamu dawo kansa.

Labari mafi tsufa da ya yi bayanin abun filla-filla ya fito ne daga Simirna, garin da yau ake kira Izmir a Turkiyya, wajajen shekara ta 155. Wani dattijon bishop ne mai suna Polikaf aka kamo aka ce ya zagi Almasihu a sake shi, yace shekara 86 yana masa bauta bai taɓa cutarsa ba ta yaya yau zai zage shi. Aka cinna masa wuta, daga baya aka soke shi. Sai rigima ta tashi akan gawar, mabiyansa suna so su ɗauka, wasu kuma suka je suka zuga hukuma cewa kar a basu, wai in aka basu zasu bar wanda aka gicciye su koma bauta wa wannan tsoho, sai hafsan soja ya sa aka ƙone gawar. Duk da haka suka dawo suka tsince ƙasusuwan, kuma a wasiƙar da ikilisiyar garin ta rubuta sun ce ƙasusuwan nan sun fiye musu zinariya da duwatsu masu daraja, sun ajiye su a inda ya dace, kuma zasu riƙa taruwa a wurin suna bikin ranar haihuwarsa. Ranar da aka kashe shi fa suke nufi, a ganinsu ranar ce aka haife shi cikin rayuwar da bata ƙarewa. Shi yasa har gobe in ka duba kalandar coci, bikin waliyyi yawanci a ranar mutuwarsa yake faɗowa.

Su ma Rumawan ba wawaye bane, sun gane matsayin gawa a wurin mutanen nan. A shekara ta 177 a garin Liyon, cikin Faransa ta yanzu, an kashe Kirista da dama harda wata baiwa mai suna Bulandina, aka bar gawarwakin a fili kwana shida ana gadinsu, sannan aka ƙone aka share tokar cikin kogin Ron ana ba'a ana cewa bari mu gani ko zasu tashi. Ni a nan nake ganin gizo yake saƙar. Mutanen nan sun yi imani da tashin matattu da jikinsu, hukuma kuma tana so ta nuna musu jikin nan ta shafe shi babu shi babu labarinsa, to duk wanda ya lallaɓa ya tsinto ɗan ƙashi ko ya dangwali jini da ƙyalle, amsa yake mayar wa hukuma da hannunsa tunda bakinsa ba dama.

Arewacin Afirka kuwa ta fi kowa zafi a wannan harka. A Kartaj, kusa da birnin Tunis na yau, a shekara ta 203 aka jefa wa namun daji wata matashiya 'yar gidan manya mai suna Perpetuwa, shekarunta kaman 22 tana shayarwa, tare da wata baiwa Felisita wadda a kurkuku ta haihu kwanaki kaɗan kafin ranar. Cikin waɗanda aka kashe tare dasu akwai Saturus, da damisa ta yage shi sai ya karɓi zoben wani soja da ya tausaya musu, ya tsoma cikin jinin raunin ya mayar masa don ya riƙa tunawa. A garin dai, a 258, da za a sare kan bishop Sipiriyan sai mabiyansa suka shimfiɗa ƙyallaye a gabansa don su tari jinin.

A dokar Rumawa ba a binne mutum cikin gari, maƙabartu a bayan ganuwa suke, gawa kuma ƙazanta ce a wurinsu. Sai ga wasu mutane suna fita bayan gari suna zama a kan kabari suna addu'a suna cin abinci, suna rubuta roƙo a jikin bango. A Roma, ƙarƙashin cocin San Sebastiyano, har yanzu akwai ɗaruruwan irin rubutun nan na ƙarni na 3 da na 4, mutane suna roƙon manzannin Almasihu Bitrus da Bulus su tuna dasu. Masu hali kuma kowa so yake in ya mutu a binne shi kusa da shahidi, ko yaya ne a matso dashi.

To da kiɗa ya canza sai rawa ma ta canza. A 313 sarki Kustantin ya halasta addinin, kisa ya tsaya, shi da kansa ya gina ƙaton coci a kan wurin da ake cewa kabarin Bitrus ne a tudun Batikan. Sabbin shahidai sun yi ƙaranci, masu shiga addinin sun yi yawa, kowane gari yana son nasa. Daga nan aka fara abun da a da babu wanda zai yi tunaninsa, wato tono shahidi a kai shi wani wuri. Wajen 350 da 'yan kai aka ɗauke gawar Babilas bishop ɗin Antakiya aka kai unguwar Dafni kusa da haikalin gunkin Apolo, da sarki Juliyan wanda ya koma addinin gumaka ya zo a 362 aka ce masa gunkin ya daina magana saboda gawar da ke kusa, sai ya sa aka kwashe ta, Kirista suka raka ta cikin gari suna rera zabura, ba a jima ba haikalin ya kama da wuta. Kustantiniya, wato Istanbul ta yau, sabon birni ne bata da manyan kaburbura nata, sai aka kawo mata ƙasusuwan Timoti a 356, Andarawus da Luka a 357. A Milan kuma a 386 bishop Ambros, lokacin yana tsakiyar rikici da fadar sarki akan mallakar coci, ya sa aka haƙa wani wuri aka samu ƙwarangwal biyu yace na wasu shahidai ne Jabasiyus da Furotasiyus, aka ce wani makaho ya warke da ya taɓa mayafinsu, jama'a suka ɗunguma bayansa. Ko a lokacin abokan hamayyarsa sun ce shiri ne. Yau in ka je cocinsa a Milan zaka ganshi kwance tare da su biyun cikin gilashi, kila ma irin bidiyon da ka gani kenan.

Istifanus da nace ka riƙe fa? Bayan kusan shekara 380 da binne shi, a 415, wani limamin coci mai suna Lusiyan a wani ƙauye kusa da Kudus yace an nuna masa kabarin a mafarki. Aka tono, kuma cikin 'yan shekaru ƙurar kabarin da gutsattsarin ƙashi sun kai tsibirin Minoka da garuruwan Arewacin Afirka, harda Hippo garin bishop Agustin, babban malamin coci. Zuwa 787 taron manyan limamai na biyu a Nikiya ya yanke cewa kar a keɓe coci sai an sa ragowar shahidi a ciki, al'adar da ake dangantawa da abun da ke cikin Wahayin Yahaya 6:9 inda aka ga rayukan waɗanda aka kashe a ƙarƙashin bagade, wato teburin miƙa hadaya. Saboda haka amsarka gida biyu ce ɗan'uwa, girmama kabarin shahidi tsoho ne sosai tun ƙarni na 2, amma rarraba ƙashi da yawo dashi gari-gari sai bayan da aka samu zaman lafiya ya bunƙasa.

TAMBAYA TA 2

Sannu da ƙoƙari Malam. Ni Kirista ce amma cocinmu bama wannan abu, ina da ƙawa 'yar Katolika kullum sai mun yi musu, ni ina ce mata bautar gumaka ce ita tana cewa girmamawa ce kawai. Waye mai gaskiya a cikinmu?

AMSA

'Yar'uwa yauwa sannu, amma kin ɗora min alƙalancin da ya gagari manya shekara sama da 1,600, domin wannan musun naku ba ku kuka fara shi ba, tare da abun kansa aka haife shi. Kin ga dai a labarin Polikaf zargin da aka fara yi musu kenan, kuma a cikin wasiƙar nan suka bada amsa cewa Almasihu suke wa sujada, shahidai kuwa ƙaunarsu suke a matsayin almajiransa masu koyi dashi. Amsar da ƙawarki take baki kenan, ko ta san asalinta ko bata sani ba.

Naki ɓangaren ma yana da kaka. Wajen shekara ta 404 zuwa 406 wani limamin coci daga yankin Gol, wajen Faransa ta yanzu, mai suna Bijilantiyus ya fito yana sukar abun, yana cewa meye na sumbatar ƙura da aka naɗe cikin ƙyalle mai tsada, meye na kunna kyandir da rana tsaka, wannan ai al'adar arna ce aka shigo da ita da sunan addini. Jerom, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya mayar masa da martani mai zafi, gaskiya zagin ma ya kusa fin hujjar yawa, amma hujjar tasa ita ce ba a bauta wa ƙashi, ana girmama bawa ne saboda ubangidansa. Agustin ma da wani mai suna Faustus ya ce musu kun dai mayar da gumaka shahidai ne kawai, sai ya amsa da cewa waye ya taɓa jin limami ya tsaya gaban bagade yace ina miƙa maka hadaya ya Bitrus ko ya Bulus ko ya Sipiriyan, hadaya ta Allah ce. Daga irin wannan ne malamansu suka raba kalmomi biyu na Girkanci, latiriya wato bauta wadda ta Allah ce shi kaɗai, da duliya wato girmamawa da ake wa bayinsa.

Kowane ɓangare da ayoyinsa. Su zasu kawo miki 2 Sarakuna 13:21 inda aka jefa gawa cikin kabarin Elisha ta taɓa ƙasusuwansa mutumin ya tashi, da Ayyukan Manzanni 19:12 inda ake kai wa marasa lafiya ƙyallayen da suka taɓa jikin Bulus su warke. Ku kuma ku kawo 1 Timoti 2:5 cewa matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane, da 2 Sarakuna 18:4 inda sarki Hezekiya ya farfasa macijin tagullar da Musa ya ƙera saboda mutane sun koma ƙona masa turare. Ki lura wannan na ƙarshen hujja ce mai nauyi, domin abu ne da asalinsa halas, jama'a suka wuce gona da iri dashi.

In ra'ayina kike so, a takarda ƙawarki ta faɗi daidai abun da cocinta yake koyarwa, babu inda Katolika ko Otodoks suka ce a bauta wa ƙashi, taron manyan limaman Katolika na Turent ma a 1563 da ya tabbatar da girmama ragowar waliyyai a nan take ya ce a kawar da camfi da neman kuɗi a cikin harkar. Amma abun da malami ya rubuta daban, abun da ke zuciyar mai ciwo da ya yi tafiyar wata guda don ya taɓa akwati daban, kuma shugabannin cocin da kansu sun san haka tun farko. Monika mahaifiyar Agustin da ta zo Milan ta ɗauki kwandonta na abinci da ɗan ruwan inabi zata kai kaburburan shahidai kaman yanda ta saba a Afirka, mai gadi ya tsayar da ita yace bishop Ambros ya hana, saboda abun ya yi kama da bikin matattu na arna kuma mashaya sun samu mafaka. Ta bari ba musu. Kin ga Ambros ɗin nan da ya tono shahidai biyu shine kuma ya hana wannan. Saboda haka in zaku yi musu, ki daina ce mata tana bauta wa gunki tunda ta ce miki bata yi, ki tambaye ta kawai ina iyakar take kuma wa ke tsaronta, ita ma ta daina ɗaukar tambayarki a matsayin jahilci.

TAMBAYA TA 3

Ɗana, ni dattijo ne na taɓa zuwa Dimashƙa na ga inda ake cewa kan Annabi Yahaya yake cikin masallacin Banu Umayya. Yanzu jikana yake gaya min wai akwai wani kan nasa a Faransa. Kai nawa gare shi? Ashe duk ba damfara bace?

AMSA

Baba Allah ya ƙara girma. Jikanka bai yi ƙarya ba, ma ya rage. Bayan na Dimashƙa akwai na babban cocin Amiyan a Faransa wanda aka kawo bayan mayaƙan gicciye sun wawushe Kustantiniya a 1204, akwai kuma na wani coci a Roma. Kuma wannan tambayar taka wani malamin coci Bafaranshe mai suna Gibe na Nojan ya riga ka yinta tun ƙarni na 12, da ya ji wurare biyu suna da'awar kan sai ya yi musu ba'a cewa sai dai in kai biyu gare shi.

Damfara kam akwai ta, kuma tsohuwa ce. Ana bada labarin Martin bishop ɗin Tur a ƙarni na 4, ya ga mutane suna ziyartar wani kabari wai na shahidi, ya bincika babu wanda ya san sunansa ko zamanin da aka kashe shi, a ƙarshe ya bayyana cewa ɗan fashi ne aka kashe saboda laifinsa, ya sa aka cire bagaden. A 401 taron limamai a Kartaj ya bada umarnin rushe wuraren da aka gina kan mafarki kawai ba tare da tabbacin akwai shahidi a wurin ba. Sata ma an yi, kuma ba a ɓoye ba, alfahari ake da ita. A 828 wasu 'yan kasuwar Benis biyu suka sace gawar Markus marubucin Linjila daga Iskandariya, a yanda mutanen Benis suke bada labarin sun rufe ta ne da naman alade don kar Musulmi masu binciken tashar jirgi su taɓa, har zanen abun suka yi a jikin cocinsu. Sai a 1968 Fafaroma Paul na 6 ya mayar wa Kibɗawa wani ɓangare aka kai Alƙahira.

Abun ya kai inda sarkin Saksoni, ubangidan Martin Luther ɗin nan da ya faro tafiyar Furotesta, ya tara gutsattsari sama da 19,000 a Witinbag zuwa 1520. A 1543 John Calvin, wani jagoran Furotesta, ya rubuta ɗan littafi yana lissafa waliyyan da ke da jiki biyu ko uku a garuruwa daban-daban, yace in aka tara guntayen gicciyen da ake nunawa zasu cika jirgin ruwa. Su Katolika ma basu tsira daga kuskure ba bayan haka, a 1578 da aka sake gano wata tsohuwar maƙabartar ƙarƙashin ƙasa a Roma sai aka shiga kwaso ƙasusuwa ana aikawa Jamus da Suwizalan a matsayin shahidai ana musu ado da gwal, alhali da yawansu talakawan Roma ne kawai da suka mutu a kan gadonsu.

Amma Baba kalmar duk ɗin nan ce bazan bi ka a kanta ba. Wasu kaburburan ba su taɓa motsawa daga inda suke ba, kuma ana da shaidarsu tun da wuri. Wajen shekara ta 200 wani marubuci a Roma mai suna Gayus yana cewa zai iya nuna wa mutum wurin tunawa da manzanni a Batikan da kan hanyar Ostiya. Da aka yi haƙa ƙarƙashin cocin Bitrus daga 1940 zuwa 1949 an samu tsohuwar maƙabarta da wani ɗan gini na ƙarni na 2 daidai ƙasan bagaden, a 1968 Fafaroma yace an gane ƙasusuwan Bitrus, ko da yake wasu masanan harda na cikin gida basu gamsu ba. A 2009 aka sanar cewa gwajin da aka yi wa ɗan ƙashin da ke cikin akwatin dutsen Bulus ya nuna na mutumin ƙarni na 1 ko na 2 ne. Wasu ƙasusuwa da aka tono a wani tsibiri a Bulgeriya a 2010 ana danganta su da Yahaya, gwajin jami'ar Oksfod ya nuna na ƙarni na 1 ne. A ɗaya gefen kuma, abun da aka daɗe ana ajiyewa a Faransa wai ragowar Jan Dak ne, jarumar Faransa da aka ƙone, a 2007 aka gano haƙarƙarin tsohuwar gawar Masar ce da ƙashin kyanwa. Gwaji yana iya kama ƙarya ƙiri-ƙiri, yana iya cewa wannan ƙashi ya yi daidai da zamanin, amma ƙashi baya zuwa da suna a rubuce a jikinsa, iyakar inda kimiyya take tsayawa kenan.

TAMBAYA TA 4

Malam, shin Ashabul Ukhdudi da Ashabul Kahfi suna cikin waɗannan shahidai da Kirista suke girmamawa?

AMSA

Malam tafsiri na masu shi ne, ni ɓangaren tarihi zan kawo maka. Wajen shekara ta 523 sarkin Himyar na Yaman wanda ake kira Zu Nuwas ya karkashe Kiristocin Najran, shugabansu sunansa Haris, cocin Otodoks da Katolika suna tunawa dashi da mutanensa ranar 24 ga Oktoba, kuma wannan kisan ne ya jawo sarki Kaleb na Habasha ya ƙetaro teku ya yaƙi Zu Nuwas. Malaman tafsiri da yawa sun danganta mutanen ramin da ke cikin Suratul Buruj da wannan waƙi'a, wasu kuma sun kawo wasu ruwayoyin daban.

Samarin kogo kuwa, Kirista suna da labarin samari bakwai na garin Afisa da suka gudu cikin kogo zamanin sarki Desiyus, wanda a 250 ya tilasta wa kowa ya yi hadaya ga gumaka ya karɓi takardar shaida, aka toshe bakin kogon, suka farka zamanin sarki Tiyodosiyus na 2 bayan kusan shekara 200. An gina coci a kan kogon na Afisa mutane suka yi ta neman a binne su a wurin. Alƙur'ani bai ambaci gari ko sunan sarki ba, shekarun da ya faɗa kuma 300 ne da ƙarin 9, shi yasa zaka ji ana nuna kogon a wurare da dama, Afisa da Tarsus da Afshin a Turkiyya, da wani kusa da Amman a Jodan.

TAMBAYA TA 5

Yaya barka. Na ga ana tallan ɗan ƙaramin akwati a intanet wai da guntun ƙashin wata shahidiya a ciki harda takarda mai hatimi. Ya halatta a saya? Ina so in ba mahaifiyata ne bata da lafiya.

AMSA

Ƙanena Allah ya bata lafiya, amma riƙe kuɗinka ka sa a maganinta. A dokar cocin Katolika, doka ta 1190, sayar da ragowar waliyyai haramun ne kai tsaye, Batikan ta sake jaddada haka a 2017, kuma hanin ba sabo bane, sarki Tiyodosiyus na 1 ya kafa shi tun 386, taron manyan limamai na Lateran na huɗu ya maimaita a 1215. Masu tallan sukan yi wayo su ce akwatin suke sayarwa abun ciki kyauta ne, takarda da hatimi kuwa kowa ya san yanda ake buga su. Tun wajen 401 Agustin yake kuka da wasu masu yawo da shigar sufaye suna tallan gaɓoɓin shahidai, yana cewa in ma har na shahidan ne.

Su a tsarinsu hawa uku ne, na farko ɓangaren jikin waliyyin, na biyu abun da ya yi amfani dashi kaman tufafinsa ko sarƙar da aka ɗaure shi da ita, na uku abun da aka taɓa a jikin kabarin ko akwatin. Wannan na ukun shine abun da talakawa suka saba komawa gida dashi tun da can, kaman 'yan kwalaben yumɓun nan na Abu Mina kusa da Iskandariya masu hoton shahidi Mina tsakanin raƙuma biyu, ana ɗura musu ruwa ko mai, an tono irinsu har a Ingila. Matar sarkin Kustantiniya guda ma a 594 ta aika wa Fafaroma Giregori tana neman kan Bulus, ya ƙi bata, yace a Roma basa taɓa gawar waliyyi, ƙyalle suke ajiyewa kusa da kabarin sannan su aika dashi, ya kuma bata labarin wasu sufaye Girkawa da aka kama suna tonon ƙasusuwa da dare kusa da cocin Bulus don su kai ƙasarsu a matsayin na waliyyai. Abun da ya yi mata alkawari kawai shine ɗan garin ƙarfe da za a kankaro daga sarƙar Bulus, in ya kankaru. In mahaifiyarka 'yar Katolika ce ka je wurin fada ka gaya masa halin da take ciki, zai zo ya yi mata addu'a ya shafa mata mai ba tare da ka sayi komai ba.